Ɗurar da Aka Yi wa Surukina

Allah da ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, wannan ban taɓa musunsa ba. Yadda muke ba da maganin nake musu. Na daɗe ina jin abin da ake faɗa a kaina a shagunan Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a Paris, wai Lawali ya rufe wa gwaggonsa ƙofa saboda wani tsohon Nasara. E, na rufe, ba sharri aka yi mini ba. To tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, ni ma da na yi jinyar bari in ba da nawa, ko wani ya tsira da majinyacinsa.

Ni mutumin Damagaram ne. Gwaggo Hajiya Mariama, ƙanwar mahaifina, ita ta ɗauko ni zuwa Paris a farkon shekarun dubu biyu. Ta shimfiɗa mini katifa a falonta da ke saman shagon atamfofinta, ta sama mini aikin dako a kasuwar Rungis. Duk abin da na zama a ƙasar nan, bayan Allah, ita ce. A makarantar koyon Faransanci ta manya na haɗu da Nora, 'yar ƙasar Ailan, muka yi aure, aka tura ta koyarwa Lyon, muka tare a Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin, ni kuma na koma tuƙin bas.

Mahaifinta, Donal, shi ne majinyacin. Baba nake ce masa. Mutumin Belfast ne, kuma tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar masu ɗauke da makamai da ke neman fitar da Birtaniya daga arewacin Ailan. Aka kama shi a Ingila da kayan fashewa, ya kwashe ƙuruciyarsa a kurkuku. Ban ce muku waliyyi ne ba, shi ma bai taɓa cewa ba. In aka taɓo zancen yakan ce, "An mutu a hannunsu, an mutu a hannunmu, uwaye duka iri ɗaya suke kuka." Da aka yi sulhu aka ajiye bindiga, ya tsaya zaɓe, ya ci kansila, daga baya ya shiga majalisa, ya zauna tebur ɗaya da mutanen da a da ba sa haɗa hanya. Bayan matarsa ta rasu, gwiwoyi suka gaza, ya sauka daga kujera, Nora ta matsa masa ya dawo wurinmu.

Tsoho ne mai tsokana. In muka je tashar jirgi 'yan sanda suka tare ni suna neman takardu, shi kuma suka ce masa ya wuce, sai ya jira ni a gefe yana dariya. Da guntun Faransancinsa zai ce, "Ka gani ko? Ni na taɓa ɗaukar bam, kai ka taɓa ɗaukar kwalin kifi, amma kai ake lalube." Da Gwaggo kuwa tun ranar bikinmu jininsu ya haɗu. Ya ci tuwonta da miyar kuka har ya nemi ƙari, ta sa masa suna Ɗan Ailan, shi kuma yana ce mata Shugaba. Ba yaren da ya haɗa su, amma in suka zauna sai ka rantse hira suke.

Ciwon ya fara da nama. Sai mu ga ya yanka shi ƙanana ƙanana, ya tauna, ya tauna, ya kora da shayi. Daga nan ya bar naman, wai haƙori. Ya bar burodi, wai na Faransa tauri gare shi. Ni da ke jin nauyin suruki, ba na ma iya zura masa ido in yana cin abinci, ban lura ba sai ranar da na same shi yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Likitan unguwa ya ce zafin ciki ne, ya rubuta ƙwayoyi, muka sha makonni muna jiran sauƙin da bai zo ba. Da muka koma ya ce a zura kyamara a duba, muka sake shan wasu makonnin muna jiran layi. Gargaɗina na farko ke nan: in tsoho ya fara kora kowace loma da ruwa, kada ku yarda da zancen haƙori.

Ranar kyamarar Baba ya ce sai dai a sa shi barci gaba ɗaya, in ba haka ba a bar shi ya tafi gida. Suka yi masa yadda yake so. Sakamako ya fito, ciwon daji ne a hanyar abinci, can ƙasa kusa da ciki. Nora ta zauna a kan matakala ta kasa tashi. Ni kuma na fara zarya tsakanin ofishin inshorar lafiya da asibiti, don takardunsa na wata ƙasa ne, kowane teburi ya tura ka na gaba. Ranakun hutuna duka a layi suka ƙare. Amma gaskiya ɗaya ce, da takardun suka daidaita ba wanda ya ce mu kawo ko sisi kafin a taɓa shi, na gode wa ƙasar nan a kan wannan.

Aka fara ƙarin maganin daji. Ya rame, ya rame, har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ni nake masa wanka, kunyar surukuta ta tafi inda ta tafi. Shawarwari kuwa ba a magana. Wannan ya ce zuma da habbatus sauda, wancan ya ce nonon raƙumi, wani ya aiko da rubutu daga gida. Dangin Nora ma ba a bar su a baya ba, wata innarta ta aiko da ruwan coci a 'yar kwalba. Baba ya jera su a kan taga, rubutun da ruwan cocin kafaɗa da kafaɗa, ya ce gwamnatin haɗin gwiwa ce.

Likitar da za ta yi masa aiki mace ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ɗora shi a sikeli, ta dubi lambar, ta faɗi kalmar da har yau take kunnena, dénutrition, wato jikin ya cinye kansa. Ta ce ciwon yana ciruwa, amma in ta yanka shi a haka ba zai tashi ba. Sai ya yi ƙiba tukuna. Huda ciki a sa abinci ba zai yiwu ba, don cikin take so ta jawo sama ta maye gurbin inda za ta yanke. Hanya ɗaya ta rage, siririn tiyo ta hanci har ciki, a riƙa ɗura masa abinci mai ruwa.

Baba ya miƙe, ya ɗauki kwat ɗinsa, ya ce, "Na gode, madam. A'a." Ya fita.

A cikin mota na same shi, a filin ajiye motoci na asibitin. Raina a ɓace na ce, "Baba, tiyon da bai kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, shi za ka ba wa ranka?"

Ya ce a kurkukun Ingila ya yi yajin cin abinci, yana neman a mai da shi kurkukun ƙasarsa. Ba su bar shi ya mutu ba, ba su kuma ba shi abin da ya nema ba. Kullum sai gandirobobi su shigo, wasu su danne hannuwa, wani ya hau ƙafafu, wani ya riƙe kai ta gashi. A ɓamɓare baki da ƙarfe, a sa katako mai rami tsakanin haƙora, a tura tiyon roba ta ramin, a zuba. In ya amayar a sake. Watanni aka yi ana haka. Ya ce, "Lawali, ba zafin ba ne. Zafi na san shi. Hannuwan ne. Na yi wa kaina alkawari ba mai sake sa mini abu a baki ina kwance ana riƙe da ni."

Na tada mota.

Nora ce ta ce mu je Paris mu ji ta bakin wani likitan, ko akwai mai yarda ya yi aikin ba tiyo. Na kira Gwaggo na ce za mu sauka wurinta. Kuma, jama'a, na gaya mata. Na ba ta labarin kurkukun tun daga katakon har hannuwan, na ce don Allah kada kowa ya matsa masa da abinci. Ta yi salati, ta tsine wa gandirobobin, sannan ta ce, "Ai waɗancan mugunta suka yi, ɗana. Ku dai ku taho." Na ɗauka mun gama magana.

Kun san dubiya irin tamu. Kafin mu ajiye jaka falon ya cika. 'Yan kasuwa, matan unguwa, ɗalibai daga Kano da Jos, kowa da kwanonsa. Farfesu, fura, kunun gyaɗa, dambu. Kowa ya shigo sai ya ce, "Sannu Baba, ɗan taɓa mana, ko cokali ɗaya." Shi kuwa yana zaune a kujera yana gyaɗa kai, yana murmushin 'yan siyasa, yana kurɓar abin da ya iya da kansa. Gwaggo tana kallon wuyansa tana share hawaye da bakin mayafi. Ta ja ni kicin ta ce, "Yunwa ce za ta kashe bawan Allahn nan ba ciwo ba, kuna zaune kuna kallo. Wace irin jinya ce wannan, majinyaci ya ce a'a a ce to?"

Na ce, "Gwaggo, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ta ce, "Kai ma da ka yi ƙyanda kana ƙarami ka rufe baki, wa ya buɗe shi? Da an bi ta taka da yanzu babu kai."

Likitan Paris ya maimaita abin da ta Lyon ta faɗa, kusan kalma da kalma. Washegari da hantsi ni da Nora muka koma karɓo hotunan asibitin da muka bar wa likitan, muka bar Baba yana gyangyaɗi a falo. Layin ya ja mu har bayan azahar.

Wanda bai san ɗura ba, ga yadda take. In yaro ya ƙi kunu, uwa takan kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta cika da kunu, ta toshe masa hanci. In ya buɗe baki neman numfashi, kunun ya wuce. Da yawanmu haka aka raine mu, kuma hannun da ya fi sonmu ne ya yi mana. Abin da Gwaggo ta yi wa tsoho mai shekara sama da sittin ke nan. Ta dama kunun gyaɗa, ta zuba rubutu a ciki, ta kira ƙawarta Hajiya Balki da wata maƙwabciya suka riƙe masa hannuwa, suna ta "Yi haƙuri Baba, don lafiyarka ne." Ita kuma ta toshe hancin.

Da muka dawo, tun daga matakala na ji tarinsa. Na same shi a ƙasa tsakanin kujera da tebur, kunu a gemu da riga, fuska ta yi shuɗi, idanu a buɗe amma ba mu yake gani ba. Yana ta faɗin wata magana da Turanci, Nora ta ce mini daga baya lambar fursunansa ce. Gwaggo na tsaye da kofi a hannu tana cewa, "Ya sha kaɗan, wallahi ya sha kaɗan."

A asibiti likitan gaggawa ya ce fausse route, wato abinci ya saki hanyarsa ya faɗa huhu. Kafin wayewar gari zazzaɓi ya rufe shi, huhun ya kumbura. Gargaɗina na biyu, kuma da babbar murya: mutumin da haɗiya ke masa wuya, in kuka zuba masa abu da ƙarfi, ba ciki yake zuwa ba. Kuna iya kashe shi da kunu, da hannunku, kuna bisimilla.

Ban gama da wannan ba sai ga na asibitin. Na shigo da safe na tarar an ɗaure masa hannuwa biyu a ƙarfen gado da wasu maɗaurai masu laushi, wai cikin zafin zazzaɓi yana fizge allurar ƙarin ruwa. Yana kwance yana ja, yana ja, wuyan hannun ya yi ja wur. Zuciya ta ciyo ni. Na kwance su. Wani matashin likita ya shigo yana cewa ba ni da izini, doka ce, don kare shi ne. Na ce, "Kowa don kare shi ne! Na Ingila ma haka suka ce. Ga ni nan, ni zan zauna in tsare allurar. In kuna son ɗaure wani ku ɗaure ni." Ya ce zai kira masu gadi. Na ce ya kira har da shugaban ƙasa. Babbar malamar jinya ta zo, Nora ta yi mata bayani, malamar ta naɗe maɗauran ta sa a aljihu. Allah ya saka wa matar nan. Muka riƙa karɓa-karɓa ni da Nora, tafin hannuna a buɗe a kan katifa kusa da nasa, ba na riƙe shi, in ya kai hannu ga allurar sai in kira sunansa.

Huhun ya warke, muka dawo Lyon. Amma mutumin da muka dawo da shi ba shi muka tafi da shi ba. Ya rufe baki. Ba tsokana, ba labarai a rediyo, ba cokalin miyar da a da yake lallaɓawa. Ruwa kawai, shi ma sai ba kowa a ɗakin. Ku tuna wannan mutum ne da ya san yadda ake ƙin abinci, ya ƙware a kai tun muna cikin zane. Nora ta roƙe shi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ya shafa kanta kawai. Likitarmu ta kira ta ce lokaci yana ƙurewa, in ciwon ya bazu zancen aiki ya ƙare. Ina tuƙa bas ina hawaye, fasinjoji na ɗauka mura nake.

Ana cikin haka, wata Asabar da rana, aka buga ƙararrawa. Na buɗe, sai ga Gwaggo. Ta hau jirgi tun daga Paris ita kaɗai, ta hawo bene hawa huɗu da ciwon ƙafarta don na'urar hawa ta lalace, tana haki, da babban tarmus a hannu.

Na gaishe ta a bakin ƙofa, na durƙusa kamar yadda na saba. Ta amsa, ta ce, "Matsa in ga Ɗan Ailan. Na ji an ce ya daina ci gaba ɗaya."

Na ce, "Gwaggo, me ke cikin tarmus ɗin?"

"Kunu ne. An yi masa addu'a a kai, malamai uku."

"In ya ce ba ya sha fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sai a zuba masa ido ya mutu? Wancan karon hannuna ne ya goce, na cika tafin da yawa. Yanzu kaɗan kaɗan zan yi."

Wallahi da ta ce ta zo ba shi haƙuri ne, da na ɗauke ta a baya na shigar da ita. Amma ta zo gyara ɗura ne. Na miƙe, na fito, na jawo ƙofar ta rufu a bayana.

Na ce, "Ba za ki shiga ba."

"Me ka ce?"

"Ki gafarce ni, Gwaggo. Ba za ki shiga ba, ke da tarmus ɗin nan."

Ba na son maimaita duk abin da ta faɗa. Ta tuna mini katifar falo, da kuɗin jirgi, da ranar da ta tsaya mini a ofishin takardu. Ta ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce na zama bawan Nasara, ta ce ubana yana kabari yana jin kunyata. Maƙwabta Larabawa suka leƙo. Duk maganar da ta faɗa ta same ni, don rabinta gaskiya ce. Amma ban matsa ba. Na ce zan raka ta tasha, ta ce in na biyo ta ba ta yafe ba. Ina tsaye ina jin saukarta, mataki ɗaya ɗaya, tana hutawa a kowane hawa.

Na shiga na zauna a ƙasa a zaure, na haɗa kai da gwiwa. Sai na ji muryar da na yi makonni ban ji ba.

"Lawali."

Yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, dafe da bango. Ba ya jin Hausa ko ta sannu, amma ba ya bukatar tafinta.

Ya ce, "Shugaba ce?"

Na ce ita ce.

"Ita ta raine ka."

Na ce ita ce.

Sai ya ce, "Lokacin da nake kurkuku, dubban mutane sun yi maci a titi da hotona. Na gode musu. Amma a bakin ƙofar ɗakin ba a taɓa samun mutum ɗaya ya tsaya ba." Ya share baki da bayan hannu. "Kira likitar nan. Ka ce mata ina son tattaunawa. Ba roƙo ba, tattaunawa."

Ranar ganin likitar ya sa kwat da taye, wuyan rigar yana masa yawo. Ya zauna gaban likitar kamar wanda ya zo sulhun ƙasa. Ya ce zai karɓi tiyon, amma a zaune, cikin kayansa, ba rigar asibiti ba. Ƙofa a buɗe. Ba mai taɓa kansa ko hannunsa. Shi zai tura da kansa, su dai su gaya masa yadda ake yi. Kuma duk ranar da ya ga dama zai zare abinsa, ba mai tambayarsa dalili.

Likitar ta ce, "In ka zare, ba zan yi aikin ba."

Ya ce, "Wannan haƙƙinki ne. Wancan nawa."

Ta dube shi, ta miƙa masa hannu, suka yi musabaha. Ina girmama matar nan har gobe.

Malamar jinya ta auna tiyon, ta shafa masa mai, ta ajiye a faranti, ta koma gefe ta harɗe hannuwa a baya. Nora ta kasa kallo, ta fita. Ni na tsaya a bakin ƙofa, inda ya ce in tsaya. Ya ɗauki tiyon, ya kai hanci, ya yi kakari, ya fizge. Gumi ya jiƙa tayen. Ya huta, ya sake, ya sake fizgewa, ya zagi wani da Turanci wanda na tabbata ya daɗe da mutuwa. A karo na gaba malamar ta ce a hankali, "Sunkuyar da kai, kurɓi ruwa, haɗiye, tura." Ya kurɓa, ya haɗiye, ya tura, hawaye na zuba, yana turawa, har alamar da ta yi a jikin tiyon ta iso bakin hancinsa. Ya jingina da kujera yana numfashi. Da ya samu magana sai ya ce, "Wannan ne duka? Na Ingila ya fi shi kauri sau biyar. Faransawa komai nasu na rowa ne."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Nauyin ya dawo a hankali, ba kamar yadda ya tafi ba. Shi yake haɗa jakar abincinsa, shi yake kunna injin da ke tura abincin ta tiyon, ko Nora ba ta taɓawa. Aka yi aikin, ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, ya sha wuya ƙwarai, amma ya tashi. Yanzu cikinsa ɗan ƙarami ne, ci kaɗan kaɗan yake yi sau da yawa, yana barci a jingine. Ya koma faɗa da rediyo.

Gwaggo kuwa ta daina ɗaukar wayata. Salla ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Na aika manya, ta ce ba ta da ɗa a Lyon. In na ce abin bai dame ni ba na yi ƙarya, ya ci ni ƙwarai. Amma ko yau aka mai da ni bakin ƙofar nan, a nan za a same ni.

Baba ne da kansa ya ce in saya mana tikitin Paris. Na ce ba za ta karɓe mu ba. Ya ce, "Na zauna da mutanen da suka fi ta laifi, ba su kuma iya tuwo ba."

Muka same ta a shago tana auna wa wata yadi. Ta gan mu, almakashin ya tsaya. Ba ta dube ni ba, shi ta duba, daga wuyansa har ƙafa. Ta sallami mai sayayya, ta ja ƙofar shagon, ta hau sama, muka bi ta. Baba ya zauna a kujerar nan dai.

Ya ce in fassara, kada in sa zuma. "Gaya mata ban zo in ce ba komai ba, don akwai komai. Na san so ne ya sa ta. Wannan ne ma ya fi ba ni tsoro, don mai ƙinka yakan gaji. Na zo ne in zauna da ita, kuma in dawo mata da ɗanta."

Na faɗa mata yadda ya faɗa. Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta tashi ta shiga kicin, muka ji motsin tukunya. Ta fito da kofin kunun gyaɗa yana tururi, ta ajiye a kan tebur, ba a gabansa sosai ba, a tsakiya. Ta koma kujerarta, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

Na san Gwaggo tun ina rarrafe, ban taɓa ganin kofi cike a gaban baƙo ta yi shiru ba. Leɓenta yana motsi, kalmar tana zuwa tana mai da ita. Baba ya tambaye ta kasuwa, ta tambaye shi gwiwa, ina fassarawa. Tururin ya ragu, ya ɗauke, kunun ya yi fata a sama. Bai taɓa kofin ba. Ba ta ce ya sha ba.

Da muka tashi tafiya ta rako mu bakin matakala. Baba ya yi gaba yana dafa ƙarfe. Sai ta kama hannun rigata, karo na farko da ta dube ni tun Lyon, idanunta jajir.

Ta ce, "Ya ƙi sha."

Na ce, "Ya ƙi, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai, ta saki rigar. "To. Ka kawo shi da Salla, ko zai sake ƙi."